Gudun Nesa: Ƙafa Ce Ke Gudu, Ba Kambas Ba

Matashin Gobarau a Katsina da ke son fara gudun motsa jiki bayan sallar asuba yakan ce sai ya tara kuɗin kambas mai kaurin dunduniya tukuna. Wannan jira ba shi da dalili, domin jikin ɗan Adam ya zo da kayan gudunsa. A 2004 masana biyu a Amurka, Dennis Bramble da Daniel Lieberman, sun nuna cewa agarar mutum da ramin tafin ƙafarsa suna miƙewa su dawo kamar roba, su mayar da ƙarfi a kowane taku. Ga kuma gumi. Barewa da kare da haki suke rage zafin jiki, mutum kuwa fatarsa duka ke sanyaya shi yana cikin gudu. Shi ya sa mafarautan Kalahari suka riƙa bin dabba da tsakar rana har ta kasa. A tsere gajere ko akuya ta bar mu. Fifikonmu juriya ce, a sassarfa.

A 2010 Lieberman ya auna 'yan gudun Kenya da suka taso ba takalmi, ya ga yawancinsu da gaban ƙafa ko tsakiyarta suke sauka, ba su doka dunduniya da ƙasa, don haka bugun da ke haurawa jiki ya fi sauƙi. Wani zai ce to a yar da takalmi mana, ai Abebe Bikila na Habasha ƙafa ba komai ya lashe gudun fanfalaki na kilomita 42 a Rum a 1960. Haka ne, amma shi ɗin dai ya sake lashewa a Tokyo a 1964 sanye da takalmi, cikin lokacin da ya fi na farko sauri. Horo ne ya yi aiki. Ƙafar da ta shekara ashirin a takalmi, in aka tuɓe ta rana ɗaya aka hau kwalta, ƙananan ƙasusuwanta na iya tsagewa. Balle lungunan cikin gari, inda fasasshiyar kwalba da ƙusa da ruwan kwata ke jira. Mai ciwon suga kam kada ya kuskura, rauninsa ba ya warkewa da wuri.

Abin koyi shi ne yanayin takun: gajere, maras nauyi, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki, a ƙara nisa kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Babban haɗarin a Katsina ma rana ce. A Maris da Afrilu zafi na kai digiri 40, gumin da muke taƙama da shi kuma ruwan jiki yake ci, musamman ga mai azumi. Wanda ya ji jiri ko ya fara rikicewa, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a garzaya da shi asibiti.