Kwamfuta ɗaya ce a gidan, yaro kuma na son naɗar waƙa

Uwargida, idan kina da matashin da ya fara rera waƙa yana ɗauka a waya, ko ƙasida ce ko irin ta finafinan Kano, ki shirya, maganar kwamfuta na nan tafe. Ga shi kuma guda ɗaya ce a gidan. Da ita ƙanwarsa ke gwajin jarrabawar JAMB, a ciki kike ajiye lissafin sana'arki, hotunan suna da na biki duk suna can.

Ba sai an sayi ta biyu ba. Mawaƙiyar Amurka Billie Eilish a ɗakin kwanan yayanta Finneas ta naɗi kundinta na farko, a gidan iyayensu da ke Los Angeles, kuma shi ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2020. Abin da ake buƙata shi ne a raba kwamfutar yadda aikin wani ba zai ɓata na wani ba.

Fara da buɗe wa kowa asusunsa. Windows na ba da damar kowane mutum ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, kamar ɗakuna ne a gida ɗaya, kowa da makullinsa. Ke ki riƙe babban asusun, shi kuma a ba shi na gama-gari, wanda yawancin manhajoji ba sa sakuwa a cikinsa sai an nemi lambarki. Zai yi ƙorafi, ki bar shi ya yi.

Dalili kuwa shi ne FL Studio, manhajar haɗa kiɗa ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda matasa suka fi so. Ta kuɗi ce, shi ya sa abokai ke yawo da ta sata a filash. Irin waɗannan sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta mai kwashe lambobin sirrin da aka adana, har da na imel da na banki. Waƙar yaro ba ta kai a taɓa miki jari ba. Akwai Audacity, kyauta ce, kuma ta ishi mai koyo ɗaukar murya da gyara ta. Ita ma FL Studio tana da ta gwaji a shafin kamfanin, sai dai aikin da aka adana ba ya sake buɗuwa sai an biya.

Sai batun wuri. Minti ɗaya na murya ɗaya, a ingancin faifan CD, na cin kusan megabait 5. Waƙar minti 4 mai layin sauti 20 ta kai megabait 400 ke nan, ba a ma lissafa maimaicin da zai yi ta yi ba. Kafin ki farga kwamfuta ta cika tana jan ƙafa. A saya masa ma'ajiyar waje da ake jonawa, ya riƙa kwashe ayyukansa can. Idan RAM ɗinta bai kai gigabait 8 ba, a tambayi mai gyara ko za a iya ƙarawa, ya fi sayen sabuwa sauƙi.

Ranar ɗauka, kowa ya fita daga asusunsa gaba ɗaya. Idan sauya suna kawai aka yi, Chrome da WhatsApp ɗinki na nan suna aiki a ɓoye suna cin ƙarfin na'urar, sai a ji sauti na tsinkewa. A kashe intanet ma. Idan yana jin muryarsa na makara a abin kunne, ba lalacewa ba ce, jinkirin sarrafa sauti ne. Ƙaramin akwatin sauti irin Focusrite Scarlett Solo na magance shi, amma ni dai ban ga dalilin sayensa ba sai yaro ya yi watanni bai gaji da abin ba.

Wata ƙara mai kama da kukan ƙudan zuma takan shiga waƙa idan caja na jone, musamman a wutar janareta. A cika batir tukuna, a zare caja, a kashe fanka, sannan a ɗauka. Ɗakin da ke da katifa, labule da sif cike da kaya ya fi falo mai tayil, domin tufafi na shanye amon murya.

Lokaci ne zai fi kawo rigima tsakanin yara. Safiyar Asabar, kafin unguwa ta tashi da hayaniya, ta fi dacewa da ɗauka. Daren ranakun makaranta kuwa na mai jarrabawa ne.