Ko Kun Sani? Inji Bai Iya Saƙar Kwarashi Ba

Tun shekarar 1589 wani Bature ɗan Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin da ke kwaikwayon saƙar tsinke biyu, kuma daga zuriyar injin nan ne suwaitar kanti take fitowa a yau. Amma har gobe masana'antu ba su da injin da ke yin ainihin saƙar kwarashi. Dalili kuwa, a saƙar tsinke zargen zare suna jere ne bisa layi, ita kuwa mai kwarashi sai ta kammala ɗauri guda kafin ta zura ƙugiyar inda idonta ya zaɓa. Duk mayafin kwarashi na gaske da kika gani, hannun mutum ne ya saƙa shi, don haka bai kamata a yi masa tayin wulaƙanci ba.

Wannan siffa ta saƙar kwarashi tana taimakon 'yar koyo: zarge ɗaya take riƙe da shi, in ta yi kuskure ta warware kaɗan ta ci gaba.