Sayen Sulalla Masu Lahani: Ko Hanya Ce ta Gina Taska?

Tara tsofaffin kuɗin ƙarfe sha'awa ce daɗaɗɗiya, kuma tana da amfani ga ɗalibin harshe da al'ada, domin kalmomi irin su anini da ɗari da taro da sisi da fataka sun wanzu a bakin Bahaushe bayan kuɗin da suke nufi sun daina yawo tun canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973. Sai dai wanda ya fara tarawa da ƙaramin aljihu yakan ci karo da tambaya guda tun ranar farko: ga sule lafiyayye mai tsada, ga kuma ɗan'uwansa mai huji ko lanƙwasa a kan kuɗi kaɗan. Shin sayen na biyun dabara ce, ko kuwa asara ce da aka jinkirta?

Kafin a amsa, wajibi ne a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cuɗawa. Na farko shi ne suɗewa, wato yadda zanen kuɗi yake shafewa sannu a hankali saboda yawo daga hannu zuwa hannu. Masana ba sa ɗaukar wannan lahani; mataki ne na rayuwar kowane kuɗi, kuma shi ake aunawa da sikelin nan mai hawa 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya fito da shi a Amurka a 1949. Na biyu shi ne kuskuren da ya auku tun a ma'aikatar buga kuɗi, wanda sau da yawa ƙara wa kuɗin daraja yake yi. Na uku, wanda shi ne abin magana a nan, shi ne illar da aka yi wa kuɗi bayan ya fito: huji, karce, lanƙwasa, tsatsa mai cin jiki, liƙin maƙeri, da kuma wanki.

A nan akwai wani tarko ga sabon shiga. Hujin da ke tsakiyar anini da kwabon Afirka ta Yamma ta Ingila ba lahani ba ne, da shi aka buga su tun 1907, kuma shi ya sa ake iya zura su a zare. Amma hujin da aka yi wa sule ko fataka a gefe domin a rataya, wannan aikin hannu ne na baya, ya kuwa taɓa darajar kuɗin har abada.

Hujjar masu sayen mai lahani ita ce araha, kuma ba a musun ta. Da kuɗin sule guda mai kyau, mutum zai iya cika tafin hannunsa da naƙasassu. To amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ranar da mai taska ya so ya sayar, ko ya yi musaya domin ya sami mafi kyau, a ranar ne zai gane cewa abin da ya sa ya samu da sauƙi shi ne zai hana a karɓa daga gare shi. Manyan kamfanonin tantance kuɗi na Amurka, irin su PCGS da NGC, ba sa ba kuɗin da aka huda ko aka wanke lambar daraja. Sukan tabbatar da cewa na gaske ne, su rubuta aibinsa a jikin ma'ajinsa, aibin kuma ya bi shi duk kasuwar da ya shiga. Suɗaɗɗen kwabo mai lafiyar jiki ya fi mai ƙyalli da aka goge samun mai saye.

Batun wanki ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne lahanin da ya fi ɓuya, kuma galibi da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mai sayarwa ya ga kwabo ya yi duhu, sai ya sa toka da lemun tsami ko yashi ya dirje shi, yana ganin gyara ya yi. Alhali kuwa duhun nan da shekaru suka shimfiɗa shi ne shaidar tsufan kuɗin, dirzar kuma takan bar siraran karce waɗanda ba sa ɓacewa, ana ganinsu da zarar an karkata kuɗin a hasken rana. Tsatsa kuma iri-iri ce. Akwai wata koriya mai kama da gari da take kama tagulla idan gishiri da danshi suka haɗu; ba ta tsayawa, cin ƙarfen take yi har ta rarake shi, don haka wanda ya saye ta ya sayi abin da yake ƙarewa a cikin akwatinsa.

Daɗin daɗawa, yawancin kuɗin da ɗalibi zai fara da su a wannan yanki ba su da wuyar samu. An buga su da yawa ƙwarai a ƙarƙashin Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912. Hatta anini da kwabon 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin a yi bikin naɗinsa, suna da yawa a hannun 'yan kasuwa duk da daɗin labarinsu. Idan lafiyayyen abu yana samuwa da sauƙi, babu dalilin karɓar gurgunsa.

Duk da haka akwai inda hukuncin yake sauyawa. Aninin farko na 1907 da 1908 da goran-ruwa aka yi shi, wato alminiyam, yana kuma cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Bai jure yanayin ƙasar ba, sai aka koma gamin jan ƙarfe da nikel a 1908. Wanda ya sami irin wannan da ɗan tabo a jikinsa, in farashin ya yi daidai da tabon, bai yi wauta ba idan ya riƙe shi har Allah ya kawo mafi kyau. Haka nan mai koyon gane harafin ma'aikata, kamar H na Heaton da KN na King's Norton a Birmingham, zai fi sakin jiki ya jujjuya naƙasasshen kwabo a hannu.

Sannan akwai lahanin da shi kansa tarihi ne. Dalar Mariya Tareza, wadda Hausawa suke kira liyari, azurfa ce mai nauyin kusan giram 28, kuma duk wadda aka sake bugawa bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da shekarar 1780, ko a Biyana aka buga ta ko a Landan ko a Bombai. Saboda haka ba ta da wuyar samu. Amma wadda maƙerin fari ya liƙa wa kunne, ta yi shekaru a wuyan amarya ko a kitson Bafillatana, tana faɗin wani abu game da ado da ajiyar dukiya wanda sabuwa fil ba za ta faɗa ba. Ɗan kasuwar sulalla zai rage mata kuɗi, mai nazarin al'ada kuwa ita zai zaɓa. A Ostireliya ma, dalolin Sifen 40,000 da Gwamna Macquarie ya sa aka huda a 1813, domin kada a fitar da su daga ƙasar, waɗanda suka rage daga cikinsu suna cikin kuɗaɗen da aka fi nema a can. Ko da yake wannan huji na hukuma ne, da hatimi a kansa.

Abin lura shi ne, irin wannan liyari mai kunne yana riƙe da ƙimarsa ta nazari ne muddin an san inda ya fito. Ya kamata mai saye ya rubuta garin da ya same shi, da shekarar, da abin da aka gaya masa game da yadda aka yi amfani da shi, ya ajiye takardar tare da kuɗin. Idan babu wannan bayani, abin da ya rage masa shi ne nauyin azurfarsa a kan ma'aunin maƙeri.