Alkuki Mai Rassa Bakwai, Alamar Da Ta Girmi Tauraro

Dattawan Miri, a bakin hanyar Jos daga birnin Bauchi, ba su manta da kwabo mai huji ba, wanda aka yi ta ciniki da shi a zamanin Turawa. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida, wanda aka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, shi ne kuma ke kan tutar Nijeriya tun daga 1914 har samun mulkin kai. Da aka ga irinsa a tutar Isra'ila, sai mutane da yawa suka ɗauka shi ne tsohuwar alamar Yahudawa. Alhali kuwa akwai wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, watau menora, alkukin fitila mai rassa bakwai.

Bisa ga Attaurar da ke hannun Yahudawa, an umarci Annabi Musa ya sa a ƙera alkukin da zinariya tsantsa, a riƙa kunna shi da man zaitun. Daga baya aka aje irinsa a babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus. Cikin shekara ta 70 Miladiyya Rumawa, a ƙarƙashin Taitus, suka rushe ɗakin, suka tafi da alkukin birnin Rum a matsayin ganima. Har yau ana ganin siffarsa a jikin ƙofar dutse da suka gina don tunawa da nasarar, ga sojoji na ɗauke da shi a kafaɗa. Alkukin kansa kuwa ya ɓace.

Wannan siffa ta ranar ƙasƙanci ita gwamnatin Isra'ila ta zaɓa ta zama tambarinta ran 10 ga Fabrairu, 1949, aka kewaye ta da rassan zaitun biyu. 'Yan'uwa biyu, Gabriel da Maxim Shamir, su suka zana tambarin. Amma babban malaminsu Isaac Herzog bai yi na'am ba, domin a gindin alkukin da Rumawa suka sassaƙa akwai siffofin dabbobi waɗanda yake ganin ba su dace da kayan ibada ba. Duk da haka tambarin ya zauna, shi ne a bangon fasfo da takardun hukuma. Cikin 1956 kuma 'yan majalisar Ingila suka ba da kyautar wani babban alkuki na tagulla, wanda ke tsaye a gaban majalisar dokokin ƙasar.

To, sai dai alkukin da ake kunnawa a gidaje daban yake. Malamansu na dā sun hana a ƙera kwatankwacin na ɗakin ibada, na gida kuwa rassa tara gare shi. Ana kunna shi a bikin Hanuka, galibi cikin watan Disamba, don tunawa da shekara ta 164 kafin Miladiyya, sa'ad da suka ƙwato ɗakin ibadarsu daga hannun sarki Antiyokus. Sun ce man da aka tarar na kwana ɗaya ne, amma ya ci kwana takwas. Saboda haka kowane dare ana ƙara kunna fitila guda har su cika takwas, ta tara kuwa da ita ake kunna sauran.

Al'ada ita ce a aje shi a taga don masu wucewa su gani, abin da wani lokaci yakan zama sayar da rai. A farkon shekarun 1930, a garin Kiel na Jamus, Rachel Posner, matar malamin Yahudawan garin, ta ɗauki hoton alkukinsu a taga, ga tutar 'yan Nazi na lilo a ginin da ke tsallaken titi. Iyalin suka bar Jamus cikin 1933 da alkukinsu, suka tsira daga kisan ƙare-dangin da ya biyo baya. A Amurka kuwa fitilar ta fito fili, har Shugaba Jimmy Carter ya halarci kunna ta kusa da fadarsa cikin 1979.

Amma a Birnin Ƙudus magana ta fi haka nauyi. Wata ƙungiya da aka kafa cikin 1987 ta ƙera alkuki mai rassa bakwai, ta shafe shi da zinariya, ta kafa shi a tsohon birni da nufin a sa shi a sabon ɗakin ibada. Wurin da take hange shi ne harabar Masallacin Aƙsa, don haka Falasɗinawa da sauran Musulmi ke kallon abin a matsayin barazana.

Ashe ke nan suna ɗaya ne, ma'ana uku: fitilar iyali a taga, tambarin gwamnati a takarda, da kuma burin wata ƙungiya a kan wuri mai tsarki. Mai bin labaran Gabas ta Tsakiya zai kyauta wa kansa in ya rarrabe su kafin ya yanke hukunci. Kama da wane dai ba ta wane.