Kafintan da ba ya ɓoye aibin katako

Duk wanda ya taɓa cinikin katako ya san cewa da zarar an ga tsaguwa a jikinsa, kuɗinsa ya faɗi ke nan. Shi ya sa wasu kafintoci kan cike tsaguwar da garin katako da gam, su shafe da fenti, mai saye ba zai ankara ba sai an sha damina ɗaya. A yau mun kawo wa masu karatu labarin wani kafinta da ya ƙi bin wannan hanya, kuma ƙin nasa ne ya ɗaukaka sunansa a duniya.

Sunansa George Nakashima, an haife shi a garin Spokane na ƙasar Amurka a 1905, iyayensa 'yan asalin Japan ne. Ya karanci zanen gine-gine har ya yi aiki a Japan da Indiya. Bayan da Japan ta kai wa Amurka hari a Disamban 1941, gwamnati ta tattara mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan ta tsare a sansanoni. A 1942 aka kai Nakashima da matarsa da jaririyarsu sansanin Minidoka da ke jihar Idaho. A can ya gamu da wani kafinta mai suna Gentaro Hikogawa, wanda ya koya masa aiki da kayan hannu irin na Japanawa da yadda ake haɗa katako ya kama juna tsam. Da aka sake shi a 1943, sai ya zauna a garin New Hope na jihar Pennsylvania, inda daga baya ya kafa wurin sana'arsa.

Ra'ayinsa, kamar yadda ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1981, shi ne itacen da ya shekara ɗaruruwa yana tsaye ya cancanci a ba shi rayuwa ta biyu, kuma kowane katako akwai aikin da ya dace da shi, sai kafinta ya yi haƙuri ya gano. Don haka yakan ajiye katako shekaru kafin ya taɓa shi. Ba ya miƙe gefen tebur da zarto, yakan bar shi da lanƙwasarsa kamar yadda itacen ya girma. In akwai tsaguwa, sai ya sassaƙa ɗan guntun katako mai siffar malam-buɗe-littafi ya kafa a kanta don kada ta ci gaba, ya bar gyaran a fili kowa ya gani. Sau da yawa mai saye ne ke zuwa ya zaɓi katakonsa, a rubuta sunansa a jiki kafin a fara aiki.

Wannan hanya ba ta da sauri, kuma a lokacin masana'antu na fitar da kujeru dubbai masu araha. Duk da haka kasuwa ta biyo shi har gida. A 1973 Nelson Rockefeller, gwamnan jihar New York, ya ba shi kwangilar kayan ɗaki guda 200. Nakashima ya rasu a 1990, 'yarsa Mira kuma ta ci gaba da riƙe wurin sana'ar.

Mu da ke kasuwannin kan iyaka mun san yadda jabu da algus suka sa mai saye ke zargin kowane kaya. Mai sayen teburin Nakashima kuwa ya ga tsaguwar da idonsa, ya ga gyaran, sannan ya biya, don haka ba shi da dalilin dawowa da ƙorafi. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗan kasuwar da ya nuna aibin hajarsa tun kafin a tambaye shi yana iya rasa cinikin yau, amma abokin cinikin nan zai sake tsallako iyaka ya neme shi.