Biranen Matattu na Etruskawa a Ƙasar Italiya

Tun kafin birnin Rum ya ɗaukaka, akwai wata al'umma da ake kira Etruskawa wadda ta mallaki tsakiyar ƙasar Italiya. Sun yi ƙarfi tun wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, har waɗansu daga cikinsu suka sarauci Rum kanta. Daga baya Rumawa suka ci garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, harshensu ya mutu, kusan dukkan littattafansu suka salwanta. Gidajensu na katako da tubali kuwa ƙasa ta cinye su. Yawancin abin da aka sani game da su yau, daga kaburburansu aka samo shi.

Dalili kuwa shi ne, Etruskawa sun ɗauki kabari tamkar gida ne. Da fari sukan ƙone gawa su zuba tokar a tulu, wani lokaci ma a gina tulun da siffar bukka. Da arziki ya bunƙasa, sai manyansu suka shiga fafe dutse suna yin ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, a tula ƙasa bisa kamar tsauni. A garin Cerveteri, kimanin kilomita 40 daga Rum, akwai dubban irin waɗannan kaburbura jere bisa tituna, sai ka ce unguwannin masu rai.

A nan ne kabarin zuriyar Matuna yake, wanda aka yi a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. An sassaƙa wa mamata makwanci har da matashin kai na dutse, an kuma tsara siffofin igiya da gatari da wuƙa da takobi da garkuwa a jikin bango. Wanda ya shiga ya ga kayan gidan mutumin wancan zamani.

A garin Tarquinia kuwa akwai kaburbura kimanin 6,000, kusan 200 daga cikinsu da zane masu launi. Za ka ga maza da mata a kishingiɗe wuri ɗaya suna liyafa, mabusa na busa sarewa, matasa na rawa. Wannan ya nuna matan Etruskawa na da matsayin da matan Girkawa ba su samu ba.

To, amma dukiyar da aka binne ta jawo ɓarayi. A 1971 waɗansu suka fasa wani kabari kusa da Cerveteri, suka sace wani babban kasko da mai zane Euphronios na ƙasar Girka ya ƙawata. A 1972 gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saye shi dala miliyan 1. Sai a 2008 aka maido shi Italiya.

Kasko ya dawo, amma shaidar da ke tare da shi ta ɓace. Ɓarawo ba ya rubuta inda ya tarar da kaya, ko gefen wace gawa suke, alhali da irin wannan ne masana ke gane zamani da matsayin mamaci. A 2004 hukumar UNESCO ta sa maƙabartun garuruwan biyu cikin kayan gadon duniya. Al'ummar da kusan dukkan littattafanta suka salwanta, duk kabarinta da aka fasa, shafi guda ke nan aka yage daga tarihinta.