Hayar Hoto Kamar Hayar Gona Ce

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, ransa a ɓace. Ya ce, "Kawu, dubi abin da aka yi mini." Katin Barka da Sallah ne na wani ɗan kasuwa, an rubuta gaisuwa da launin zinare, ga lambar waya a ƙasa. Amma hoton da ke bayan rubutun na yaron ne, shi ya ɗauka a fadamar Nasarawan Doya, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi: rake ya fitar da fure fari sol, rana na gangarawa cikin hazo, belbela uku na tsaye a kan kunya. Tun cikin hunturu ya sa shi a Facebook. Mai shagon da ya haɗa katin ya kwafe, ya datse gefen da sunan yaron yake, ya buga ya karɓi kuɗinsa. Da aka tuntuɓe shi sai ya ce, "Ai a intanet na tsinta."

Ko tsintuwar ce, ai sai an yi cigiya. Balle wannan kaya ne da mai shi ya rubuta sunansa a jiki.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, kuma ba ta bar ƙura a kan wannan batu ba. Wanda ya ɗauki hoto shi ke da shi. Ba a tambayar ko sana'arsa ce ko sha'awa, ko da babbar kyamara ya ɗauka ko da wayar da fuskarta ta tsage. Ba sai ya yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar wanda ya so, don ta zame masa shaida. Kariyar tana kai shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da hoton ga jama'a. Sa hoto a Facebook kuwa izini ne ga kamfanin ya nuna shi a dandalinsa. Bai zama izini ga duk mai wucewa ya kwasa ya yi kasuwanci da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne samarinmu ba su san cewa ana iya cin moriyar hoto ba tare da an rabu da shi ba. Alhali duk manomin ƙasar Maƙarfi, Kudan da Ikara ya san wannan a kan gona. Akwai aro, akwai haya, akwai sayarwa. Wanda ya ba da hayar fadamarsa ta rani ɗaya a noma tumatir, in an kwashe kaya gona tasa ce, baɗi ya bai wa wani. Lasisin hoto ke nan. Ka ce wa mai buga kati: na yarda ka buga guda kaza, a katin Sallah kaɗai, cikin shekara ɗaya, sunana na jiki, ga kuɗina. In ya so ya sa shi a kalanda, wannan sabon ciniki ne. Kuma babu abin da ya hana ka bai wa wani mai ɗab'i a Zariya ko Kano hayar wannan hoto, sai fa in na farkon ya nemi ya zama shi kaɗai, wanda dole kuɗinsa ya fi tsoka.

A nan doka ta yi wa mai hoto gata. Sayar da haƙƙi ɗungurungum, ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ba ya tabbata sai a rubuce. Amma izini na gama-gari yana iya ƙulluwa da fatar baki, har ma da abin da halin mutum ya nuna. Saboda haka yaron da wani ya ce masa "turo mini hoton nan in yi aiki da shi", ya amsa da "ba komai, Yallaɓai", ya riga ya buɗe ƙofar da rufe ta zai yi wuya. Kunya ce ke cutar yaranmu a nan, don suna ganin rashin ladabi ne su yi wa babba maganar kuɗi. Ni ban ga rashin ladabi ga wanda ya faɗi farashin kayansa cikin girmamawa ba.

Kada a ɗauka dokar a takarda kawai take. Peter Obe, shahararren mai ɗaukar hoto na jaridar Daily Times, ya kai mujallar Grapevine ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas saboda ta buga hotunansa na yaƙin basasa ba da izininsa ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya da diyya. Sannan hoton fili ma yana kawo kuɗi: duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta ya san hoton koren tudun nan mai shuɗin sama. Charles O'Rear ne ya tsaya a bakin hanya a Kalifoniya ta Amurka ya ɗauke shi a 1996, kamfanin Microsoft ya saye shi ya sa a Windows XP a 2001. Ciyawa ce da gajimare kawai, ba su fi fadamarmu kyau bayan ruwan farko ba.

Kasuwar kuma tana nan kusa. Katin takarda ya ja baya, amma kalanda, katin ɗaurin aure, bangon littattafan da ake rabawa a biki da gaisuwar Juma'a ta 'yan kasuwa duk suna neman hoto. Gidaje da yawa a nan sun fi son su rataye kalanda mai bishiya ko faɗuwar rana a kan mai fuskar mutum. Duk da haka sai ka ga dusar ƙanƙara da furannin Turai a katin da za a raba a Hunkuyi, ga kuka da ɗorawa da rimi a bayan gari.

Sai dai ɗab'i yana da sharaɗi. Don hoto ya fito tas ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato katin inci 5 da 7 yana buƙatar ɗigo 1,500 a faɗi da 2,100 a tsawo. Yawancin wayoyin yau sun wuce haka, amma WhatsApp yana matse hoto, yana kuma share bayanan da ke ɓoye a cikinsa na rana, lokaci da irin wayar da ta ɗauka. Asalin hoton da ke cikin wayarka shi ne takardar gonarka: a adana shi, a nuna wa jama'a ƙaramin kwafi mai suna a tsakiya, a miƙa babban bayan an gama ciniki.

Da wannan asalin muka je shagon, ni da ɗan ƙanwata. Ba mu yi maganar kotu ba. Mai shagon ya duba kwanan watan, ya yi shiru, sannan ya biya abin da aka daidaita. Kafin mu tashi ya tambayi yaron ko yana da hoton shamuwa don kalandar baɗi. Yaron ya ce sai damina ta kawo su. Ya zaro takarda daga aljihu, ya fara rubuta adadin da za a buga.